Filin kansil ne muke ratsawa, ya ake mai da shi hanyar jama'a ta dindindin?

Maman_Walid:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar kansil a nan Ingila ina neman a ɗora ni a hanya. A unguwarmu akwai wani fili tsakanin gidajen kansil da babban titi, ciyawa ce kawai da 'yan bishiyoyi, kuma na kansil ne ba na wani mutum ba, mun duba a ofishin rajistar filaye sunansu ne a kai. Mutane sun daɗe suna ratsawa ta ciki har ƙafa ta fitar da hanya, ta nan yara ke zuwa firamare ta nan ake fita tashar bas da wajen likita, in ba nan ba sai ka zagaya ta titin da motoci ke gudu kamar me. To yanzu ana ta raɗe-raɗin wai za a sayar da filin a gina gidaje, mu ba gidajen muke ƙi ba wallahi, hanyar muke so ta tsaya. Mun yi magana da kansilan mazaɓarmu ya ce yana goyon baya, amma da ya tambayi ma'aikata sai aka ce masa wai kansil ba zai iya ƙulla yarjejeniyar bayar da hanya tsakaninsa da kansa ba. Ni abin ya ɗaure min kai, filinka ne kuma kai ne hukumar hanyoyi, to waye kuma zai hana ka? Shin gaskiya ne ko dai hanya-hanya ake mana? Kuma in gaskiya ne ina mafita?

Injiniya_Bash:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ba hanya-hanya ba ce, gaskiya suka faɗa miki amma rabinta. A ɓangaren hanyoyi nake aiki don haka bari in ɗan ja bayanin.

Abin da aka saba yi in mai fili na son bai wa jama'a hanyar ƙafa shi ne sashe na 25 na Dokar Hanyoyi ta 1980. Mai fili da kansil su sa hannu a yarjejeniya, a tuntuɓi sauran hukumomin yankin, a buga sanarwa a jaridar gari, shikenan hanya ta zama ta jama'a kuma gyaranta ya hau kan hukuma. To yarjejeniya ai sai da mutum biyu. A wuraren da ake da kansil hawa biyu, na gunduma da na kawunti, abin na da sauƙi, in filin na gunduma ne sai su ƙulla da kawunti tunda kawunti ce hukumar hanyoyi. Daga bayaninki naku kansil ɗin irin na dunƙule ne, shi ne mai fili shi ne mai hanyoyi, sashen gidaje da sashen tituna a idon doka mutum ɗaya ne ko da kuwa ma'aikatansu ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa sashe na 25 ba zai yiwu ba.

Amma ƙofa biyu a buɗe suke. Ta farko kansil a matsayinsa na mai fili ya rubuta takardar sadaukarwa, ya buga hatiminsa, ya ce daga nan zuwa nan mai faɗi kaza na bai wa jama'a su bi da ƙafa har abada. Wannan ba sabon abu ba ne, tsohon tsarin shari'ar Ingila ne cewa mai fili ya sadaukar jama'a su karɓa, kuma karɓar jama'a ba wani biki ba ne, bin hanyar da suke yi shi ne karɓa. Kansiloli da yawa kan jingina da sashe na 1 na dokar 2011 da ta ba su ikon yin duk abin da mutum zai iya yi muddin wata doka ba ta hana ba. Ta biyu kuma sashe na 26 na dokar 1980 ɗin, wato kansil ya fitar da odar ƙirƙirar hanya. Wannan oda ana iya yinta ko a filin wani ma ko da bai so ba sai dai a biya shi diyya, balle filin kansil. Sharaɗinta shi ne a nuna ana buƙatar hanyar, za ta amfani jama'a da dama ko mazauna wurin, sannan a manna sanarwa a jira kwana 28. In babu wanda ya yi ƙorafi kansil ya tabbatar da odarsa da kansa, in an samu ko mutum ɗaya da ya ƙi janyewa sai a tura wa sakataren gwamnati, wato minista, sufeto ya zo ya duba, wani lokaci har da zaman sauraron jama'a.

Ni in ni ne zan nemi ta biyun duk da ta fi jan lokaci, dalili kuwa hanyar da aka yi da oda ko yarjejeniya kai tsaye take shiga cikin waɗanda ake gyarawa da kuɗin hukuma, sashe na 36 ya faɗa. Wadda aka sadaukar da takarda kawai tana iya zama hanyar jama'a amma ba wanda doka ta ɗora wa gyaranta, ranar da taɓo ya cika ta kowa ya ce ba shi ba.

Kuma ko wacce aka bi, ku tabbata an sa ta a babbar taswirar hanyoyin jama'a da kansil ke ajiye da ita, wadda dokar 1949 ta kafa kuma yanzu dokar 1981 ke tafiyar da ita. Abin da ke kan taswirar nan hujja ce yankakkiya a kotu. Mai sayen fili lauyansa zai gani tun kafin ya biya kuɗi.

dan_keke99:

nikam banga dalilin wannan dogon turanci ba. ai doka tace in jama'a sukayi shekara 20 suna bin hanya ba'a hanasu ba ta zama tasu, ku tara tsofaffin unguwa su cike fom kawai a wuce wajen basai kun roki kowa ba. kuma dan Allah in za'ayi ayi wadda keke zai iya bi, kullum mu ake mantawa damu

Anti_Lauya:

Ƙanina ɗan keke, maganarka tana da tushe amma a filin kansil tana da rami, kar ka jefa su ciki. Sashe na 31 na dokar 1980 ɗin ne kake nufi, shekara 20 cur ba yankewa, ana ƙirgawa baya daga ranar da aka fara ja da haƙƙin jama'a, misali ranar da aka sa shinge ko aka kafa allo. Amma bin da ake so shi ne wanda aka yi ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, kuma ba da izini ba. Na ukun nan ne matsalar. In kansil na riƙe da fili ne don jama'a su huta ko su yi wasa a ciki, to ai dama doka ta ba ku izinin shiga, duk tafiyar da kuka yi da izini kuka yi ta, ba za ta taru ta zama haƙƙi a kan mai fili ba.

Kotun ƙoli ta yanke irin wannan a 2014 a shari'ar Barkas, wani filin wasa a Whitby da kansil ke riƙe da shi a ƙarƙashin dokar gidaje. Mutanen wurin sun nemi a yi masa rajistar filin gari, wato filin shaƙatawar mutanen gari da doka ke karewa, saboda sun daɗe suna amfani da shi, kotu ta ce a'a, kun yi amfani da shi ne saboda dama an tanadar muku. E, wancan maganar filin gari ce ba hanyar ƙafa ba, amma hujjar ita ce lauyan duk wanda zai sayi filin zai fara ɗagawa, kuma filin Maman Walid a jikin gidajen kansil yake, kun ga kamar ta yi yawa. Ba na cewa za a faɗi tabbas, akwai bambanci tsakanin mai yawo a fili da mai ratsawa daga titi zuwa titi a kan layi ɗaya, ana iya jayayya a kai. Amma me zai sa ka shiga jayayya alhali mai fili na nan kuma kansilansa na cewa yana so?

Sannan neman gyara taswira ta hanyar shaidu akwai layi. Doka ta ce in kansil bai yanke hukunci cikin wata 12 ba kana iya kai kuka a umarce shi, amma a aikace wasu kansilolin takardu sun yi musu tsibi ana shekaru ana jira, kafin a zo kanku an zuba fandisho.

Duk da haka Hajiya ku tara shaidun, kar ku fasa. Waye ya bi, daga wace shekara zuwa wace, sau nawa a mako, ina za shi, ya taɓa ganin allo ko an taɓa tare shi. Suna da amfani biyu, su ne hujjar buƙata in za a yi oda ta sashe na 26, kuma su ne makamin ajiya in kansil ya juya baya. Ku kuma duba rajistar da ke ƙarƙashin sashe na 31(6), nan ne mai fili ke ajiye taswira da sanarwar cewa bai da niyyar sadaukar da wata hanya, a Ingila ana sabunta ta duk shekara 20. In kansil ya ajiye irinta to lissafin ya tsaya daga ranar. In kuwa wata wasiƙa ce kawai a cikin fayil ɗinsu da ba wanda ya gani ba ta wadatar ba, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta faɗi haka a shari'ar Godmanchester a 2007, dole mai fili ya nuna rashin niyyarsa ta yadda masu bin hanyar za su fahimta.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan Injiniya, kansil ba kamar ni da ke ba ne da za mu kyautar da abinmu yadda muka ga dama. Kowane fili akwai dalilin da yake riƙe da shi, na gidaje ko na makaranta ko na shaƙatawa, kuma ba zai iya sadaukar da hanyar da za ta ci karo da wannan dalilin ba. Tun shekarun 1950 aka zaunar da wannan a shari'ar hukumar sufuri da kansil ɗin Westmorland kan wata gadar ƙafa a saman layin dogo, aka ce hukuma na iya sadaukarwa muddin bai saɓa wa aikin da aka ba ta ba. Hanyar ƙafa a gefen gidajen kansil ban ga yadda za ta saɓa wa aikin gidaje ba.

Maman_Walid:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane inda aka tsaya. Amma Anti wani ma'aikacinsu ya ce wai za su iya kafa mana allo a rubuta an yarda jama'a su bi, har su zuba tsakuwa, ba sai an yi wata takarda ba, sati kaɗan an gama. Wasu a cikinmu har sun fara murna. Wannan fa? Sannan in har da gaske sayarwa za su yi ba za su sanar da mu ba?

Anti_Lauya:

Kar ku karɓa a matsayin madadi. Wannan hanyar izini ce, wanda ya bayar yana iya janyewa gobe da safe, kuma wanda ya sayi filin ba ruwansa da ita sai in an ɗaure shi a takardar ciniki. Mafi muni allon da kansa shaida ne cewa da izini kuke bi, wato daga ranar da aka kafa shi maganar shekara 20 ta daina taruwa. In za su zuba tsakuwa su zuba, amma a rubuce ku ce kun karɓa ne kafin a gama ta dindindin.

Maganar sayarwa kuma, in filin ya shiga ma'anar buɗaɗɗen fili na jama'a, sashe na 123 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya wajabta musu buga sanarwa a jaridar gari mako biyu a jere su kuma duba ƙorafin da aka kawo kafin su sayar. Filin da ke ƙarƙashin dokar gidaje yana da nasa ƙa'idojin daban, shi ya sa tambayar farko da za ku aika musu a rubuce ita ce a ƙarƙashin wace doka suke riƙe da wannan fili. In sun yi nauyin baki ku nema ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, kwanakin aiki 20 gare su su amsa. Sanarwar jaridar nan ƙanana ce a shafukan baya, ba mai karantawa, ku sa mutum ɗaya ya riƙa dubawa.

Baba_Alhaji:

Salamu alaikum. Masana sun yi bayani, ni na ɗan zauna a ƙaramar majalisar ƙauye shekarun baya, bari in faɗi abin da ba a rubutawa a doka.

'Yata, abin da ke sa kansil jan ƙafa ba sashe kaza ba ne, abu biyu ne, kuɗi da rashin komawa baya. Hanyar jama'a a ƙasar nan kamar waƙafi take, in an bayar an bayar, ko shekara hamsin ba wanda ya taka ta tana nan a matsayinta. In ana son rufe ta ko karkatar da ita sai an yi wata odar, sashe na 118 ko 119 na dokar 1980, ko ta dokar tsara gari ta 1990 in gini za a yi, kuma kowa na da damar ƙorafi. To mutumin sashen kadarori da aka ce ya nemo kuɗi ya san fili mai hanya a tsakiyarsa bai kai fili fayau daraja ba. Shi ne zai yi ta cewa a dakata, ba mugunta ba ce aikinsa ke nan. Don haka in kuna da wayo ku je musu da layin da ba zai kashe filin ba. In hanyar da ƙafa ta fitar ta raba filin biyu, ku yarda a matsar da ita gefe ko da an ƙara taku kaɗan, sai ku ce ga hanya ga gidajenku. Wanda ya ce sai dai a tsakiya ko a fasa, yawanci fasawa ake yi.

Na biyu alhaki. In hanya ta zama wadda hukuma ke gyarawa, wani ya yi tuntuɓe ya karye, ana iya kai su ƙara. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora wa kansil ɗin Wigan alhaki kan wata mata da saiwar bishiya ta kayar a hanyar cikin wani lambun shaƙatawa. To ku sani za a tambaya waye zai yanke ciyawa, waye zai share ganye, fitila fa. Doka ba ta ce sai an sa fitila ko kwalta a hanyar ƙafa ba, kar ku cika buri a zaman farko ku ba su dalilin cewa ba kasafi.

Na uku maƙwabta. Waɗanda bayan gidansu ke kallon hanyar ku fara zuwa wajensu kafin su ji a bakin wani. Su ne za su ce yara masu babur, shara, hayaniyar dare. Wasu kukansu gaskiya ne. Ku gaya musu hawa babur ko mota a hanyar ƙafa laifi ne a dokar zirga-zirga ta 1988, kuma in fitina ta yi yawa kansil na da odar kare wuraren jama'a ta dokar 2014 da zai iya taƙaita bi da ita har shekara uku, ana kuma sabuntawa. Mutum ɗaya mai fushi ya isa ya kai ku gaban sufeto, shayi ɗaya a falonsa ya fi muku arha.

In kuna da ƙaramar majalisa ta unguwa ko ƙauye ku ja ta jiki, tana da ikon ƙulla yarjejeniyar hanya da mai fili a sashe na 30 na dokar 1980, ga ta kuma mutum ce daban da babban kansil, sai dai irin wannan ba ta hawa kan kuɗin hukumar hanyoyi kai tsaye. Ku kuma nemi 'yan Ramblers na yankinku, ƙungiyar masu tafiya da ƙafa, da Open Spaces Society mai kare filayen jama'a, wannan ta biyun tun 1865 take wannan faɗan, sun san ma'aikatan da sunayensu.

Injiniya_Bash:

Baba ya gama magana. Ɗan keke ban manta da kai ba, hanyar ƙafa ta ƙafa ce, keken guragu da keken jarirai ba matsala amma mai keke ba shi da haƙƙi a kanta. In ana son keke sai a nemi hanyar dawaki, wadda dokar 1968 ta yarda masu keke su bi muddin za su kauce wa masu tafiya da mahaya, ita ce ake sa wa shuɗiyar kibiya, ta ƙafa kuma rawaya. Sashe na 26 na iya ƙirƙirar kowacce. Amma tana son faɗi, kuma maƙwabtan da Baba ya ambata za su fi tayar da jijiyar wuya, Hajiya ku auna da kanku tun yanzu domin ɗaga matsayinta daga baya wani sabon aiki ne.

Faɗin ma ku sa ido a kai, a rubuta shi da lamba a cikin odar, ni ba na son ƙasa da mita 2 a cikin gari, in ba haka ba mai gini zai matse ku tsakanin katanga biyu ya bar muku lungun da mace ba za ta so bi da magariba ba. Kar a sa matakalar tsallake shinge, a bar gibi kawai ko ƙofa mai sauƙin turawa saboda tsofaffi da masu keken guragu.

Kafin komai ma Hajiya ki tura imel wa jami'in hanyoyin jama'a na kansil ɗinku, ba sashen gidaje ba, ki ce ya duba miki babbar taswira da kuma jerin titunan da hukuma ke gyarawa. Wasu hanyoyin da kansil ya shimfiɗa da kansa lokacin gina rukunin gidaje dama can na jama'a ne a doka, an manta ne kawai ba a sa su a taswira ba. In akwai ko guntun kwalta ko daɓen siminti a bakin taku ki ɗauki hotonsa ki haɗa.

dan_keke99:

to shikenan naji, amma Hajiya in anzo zaman ku fadamin inzo in fadi nawa

Maman_Walid:

Za ka ji ɗan keke, amma ka zo da ƙafa. Injiniya akwai daɓen siminti kuwa daga bakin gidajen, kamar taku goma sannan ya ɓace cikin ciyawa, gobe in sha Allahu zan ɗauki hotonsa in tura wa jami'in. Baba maganar matsar da ita gefe sai na sha fama da mutanenmu, akwai waɗanda ba za su so ba.